Hular da Ta Nitse a Venis

Duk sanda damina ta kankama, ruwa ya kwanta a lungunmu na Tudun Wada har ya fara warin gansakuka, sai in ji muryar Inna a kunnena tana cewa, "To, ga Venis nan ta biyo mu har gida." Kai da ba ka san labarin ba dariya za ka yi. Mu da muka tashi a cikinsa, ya kai mu maƙura.

Ina da shekara tara suka yi tafiyar. Baba fataucin fata yake yi, wani Bature da ke sayen kaya a hannunsa ya gayyace shi Italiya, ya ce ya zo da iyalinsa. Daga masallaci har teburin mai shayi, babu wanda bai ji Baba zai kai matarsa Venis, birnin masoya ba. Abin da bai gaya wa Inna ba shi ne garin a kan ruwa yake. Ita kuwa in rafin Kubanni ya kawo, ko ta kan gada ba ta yarda ta bi. Wata uku ta yi a gindin dalbejiyar gidanmu tana ɗinka masa hular tafiya, ƙube mai shuɗin zare, har ɗan yatsanta ya yi kanta.

Ranar da suka dawo, Baba ya shigo da wata malafar Turawa a ka, Inna na biye da shi fuska ba annuri. Matan unguwa suka cika tsakar gida. Gwaggo ta ce, "Yaya birnin masoyan?"

Inna ta ce, "Wane birni? Gari ne ruwa ya ci, mutanensa suka ƙi tashi. Ba titi, ba mota. Ko barka za ki gidan maƙwabta, sai a kwalekwale."

A nan muka ji yadda aka yi. Baba ya sa ta a wani dogon baƙin kwalekwale, matuƙin na tsaye yana rera waƙa, ita tana ƙanƙame da katako tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Sai Baba ya miƙe zai ɗauki hoto. Jirgi ya karkata, Inna ta kurma ihu, hula ta faɗa ruwa, suna kallo ta jiƙe ta nitse. Baba kuma ya tuntsire da dariya. Dariyar nan ce Inna ba ta yafe ba.

Kaka, wadda ta haifi Baba, ta goyi bayan surukarta. Ta ce da shi, "Kai ko, da ita ce ta faɗa fa? Me za ka je ka gaya wa iyayenta, ka ce soyayya ce?"

Kusan wata guda ba sa magana, ni na zama 'yar aike tsakanin ɗakuna biyu da ke kallon juna. Ki gaya wa babanku tuwo na hucewa. Ki ce da innarki na gode, ba na jin yunwa. In je, in dawo, ƙafata duk taɓo. Daga baya sun shirya, amma gardamar ba ta mutu ba. Baƙo ba ya shan ruwa a gidanmu bai ji ta ba. Baba ya yabi gine-gine da gadoji, Inna ta ce bango ne duk ya jiƙe yana sauro. Da salla a yi, ranar suna a yi, ranar ɗaurin aurena ma sai da aka taɓa. Haka har Allah ya karɓi ran Baba.

Bara sai ga maigidana da waya a hannu, yana nuna mini hotunan Venis ɗin nan, wai can za mu cika shekara ashirin da aure. Na ce duk faɗin duniya ya rasa inda zai zaɓa? Na yafa mayafi sai Hanwa, gidan yayana inda Inna take zaune yanzu, don na tabbata zan sami mai taya ni.

Ta saurare ni har na gama. Ta murza carbinta, sannan ta ce, "Ku je. Akwai wata 'yar gada, nan babanku ya kama hannuna a gaban mutane, na fizge don kunya. Bai sake gwadawa ba har ya bar duniya. In naki ya kama, ki bar shi."

Na fito ina ƙunƙuni. Shekara talatin da ɗoriya ana cika mana kunne da hula, ashe ba ita ba ce.

Mun je. Cunkoso, ƙafa ta kumbura da tafiya, yaran zamani rungume da juna kowa na ɗaukar kansa hoto, babu mai kallon wani. A kan wata gada maigidana ya kama hannuna. Kunya ta rufe ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa, na waiga hagu da dama kamar wani daga unguwarmu zai ɓullo. Amma ban fizge ba.