Fatalwar da Ta Goge Ƙafa

Dympna Geraghty ta shekara sittin a ƙauyenmu da ke yankin Mayo ba ta taɓa razana ko kaza ba. Ita ke dafa shayi a gidan makoki, ita ke wanke kofunan coci, kowa kuwa aikenta yake yi. Burinta ɗaya ne: sau ɗaya tak a ji tsoronta.

Sai ga masu fim daga Dublin suna neman doguwar mace mai ramammiyar fuska da za ta fito a fatalwa. Dympna ta ce ga ta.

Gaskiya 'yan wasan sun iya. Yarinyar da ta fito a matar mamaci ta yi kukan da ya sa mai ɗaukar hoto share ido. Labarin ne dai ba gishiri: ƙofa ta yi ƙara, labule ya motsa, shi ke nan. Fatalwar aka bar wa aikin duka. Za ta shigo ta ƙofar gaba, ta ratsa ɗaki, ta ɓace ta ƙofar baya.

"Ba da ni ba," in ji Dympna. "Ta ƙofar da mutum ya shigo yake fita. So kake in kwashe wa gidan mutane albarka?"

"Baiwar Allah, ai matacciya ce ke!" in ji darakta.

"Matacciya, amma ba marar tarbiyya ba."

Hadari ya taso, ba lokacin gardama, darakta ya haƙura.

Ran Lahadi da rana aka nuna mana fim ɗin a zauren coci. Fatalwa ta shigo fari fat, ta tsaya ta goge ƙafa a bakin ƙofa, ta zura wa yarinyar ido, yarinyar ta ƙwalla ihu kamar ranta zai fita. Sai fatalwa ta juya ta koma inda ta fito, ta ja ƙofa a hankali don kada sanyi ya shiga.

"Sannu da aiki, Dympna!" Malachy mai tumaki ya ɗaga murya. "Ba ki ɗora musu ruwan shayi ba?"

Zaure ya ɗauki dariya, har da yaran da aka rufe wa ido.

Da aka tashi, Fada, limamin cocinmu, ya riƙe hannunta. "Kin yi kyau, Dympna, sai na ji kamar marigayiya uwata ce ta leƙo. Af, kofuna suna can baya."

Ta harare shi irin hararar fim ɗin, da dukan ƙarfinta.

"Idon ne ke damunki kuma?" in ji Fada.

Ta naɗe hannun riga, ta nufi wajen kofunan.