Ti Belmiro Mai Kiran Taku

Kafin mai burodi ya ɗaga ƙyauren shagonsa, Ti Belmiro Taveira, wato Kawu Belmiro a bakinmu, ya riga ya fito da bokiti da tsumma yana wanke motarsa. Farar bas ce ƙarama, tsufanta ba ya ɓoyuwa, amma ba ka samun ƙura a kujerarta. In ya gama sai ya kurɓi kofi a tsaye, ya cusa gutsuren burodin masara a aljihu, ya ɗauki 'yar kujerar katakon da yake ajiye wa tsofaffi su taka su hau mota, ya gangara birnin Porto. A bakin kogi yake kwasar baƙinsa, galibi mata da miji masu hutu. Ya zaga da su gari, ya kai su Foz su ga inda kogin Douro ke shiga teku, kashegari ya hauro da su nan wajenmu cikin gonakin inabi. Haka muka san shi shekara da shekaru.

Direbobi suna da yawa, wasu ma sun fi shi mota da iya harsunan baƙi. Abin da babu wanda ya kama ƙafarsa a kai shi ne aikinsa na kaka. In Satumba ya kama aka shiga yankan inabi a gonar Dona Perpétua, da yamma masu yanka kan ci abinci, su wanke ƙafa, su shiga lagar, wato babban kwamin dutsen da ake tattake inabi a ciki. Inabin kan kai wa mutum gwiwa. Sai a jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa ya rataya hannu a wuyan na kusa da shi, a riƙa ɗaga ƙafa tare ana saukewa tare. Dole a sami mai kira, hagu, dama, hagu, dama, in ba haka ba layi ya wargaje. A ƙauyenmu Ti Belmiro ne mai kira tun mahaifin Dona Perpétua yana da rai. Bana ya ajiye, gwiwoyi sun ƙi, kuma ba zan yi shiru ya tafi kamar wanda bai yi komai ba.

Kowa a nan yana da labarinsa. Shekarar da gobarar daji ta sauko mana, shi ya yi ta jigilar tsofaffin unguwar sama har gashin girarsa ya babbake. Akwai kuma sanannen ciwon motarsa. In ya ɗauko mata da miji ya ji sun yi tsit a baya, kowa ya juya fuska taga, sai motar ta yi zafi daidai inda kwarin ya fi kyau. Ya tsaya, ya buɗe gaban mota, ya ce sai ta huce, ya tafi can nesa yana cin burodinsa. Ba ya dawowa sai ya hango su suna magana. Makanikin garinmu ya rantse bai taɓa ganin lafiyayyen inji irin na motar nan ba.

Amma labarin da ya fi tsaya mana a rai na bara waccan ne. Wasu dattawa biyu suka zo daga garin Beja, Senhor Custódio da matarsa Dona Leontina. 'Ya'yansu ne suka haɗa musu tafiyar, don tun da suka yi aure ba su taɓa fita hutu ba. Dona Leontina ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ta tashi, sai dai ƙafar hagu tana ja kuma tana dogara sanda. Mijin kuwa ya mai da ita ƙwai. Duk inda aka tsaya a Porto, garin da ba shi da aiki sai hawa da gangara, magana ɗaya ce a bakinsa: “Zauna, Tina, bari in ɗauko miki hoto.”

A Foz ma haka aka yi. Custódio ya sauka da wayarsa ya nufi bakin ruwa, ya bar ta a mota. Ti Belmiro yana gyara madubi ya ji muryarta daga baya.

“Senhor Belmiro, garin nan naku yana da kyau kuwa?”

“Ai ga shi kina gani, Dona Leontina.”

“Ina gani? Gada a waya na gan ta. Coci a waya. Kifin da na ci ma sai da ya zare ƙaya ya yayyanka mini kamar jaririya. Da na sani da na yi zamana a Beja ya riƙa turo mini.”

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta dubi mijin can yana ta fama da iska da hula, ta ce, “Dubi yadda ya rame. Tun da abin nan ya same ni bai yi barcin kirki ba. In mun koma, gidan tsofaffi zan shiga, na riga na sa 'yata ta nema mini gado. Shi bai sani ba. Na zame masa kaya, gara in sauke masa. Wannan yawon da kake gani na ban-kwana ne.”

Wani da sai ya hau wa'azi. Ti Belmiro bai iya ba. Ya ƙara muryar kiɗan rediyo kaɗan. Can ya waiga zai yi mata wata magana, sai idonsa ya sauka ƙasa. Ƙafar nan ta hagu tana bin kiɗan. Tana makara, amma ba ta kuskure ko sau ɗaya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon ƙafafu ba ya rasa gane irin wannan.

“Kafin ciwon, me ƙafar nan ta fi iyawa?”

“Rawa,” in ji ta, ko numfashi ba ta ja ba. “Je ka Beja ka tambaya. Shi wancan da kake gani, a filin rawa na tsince shi yana tattaka ƙafafun 'yan mata.”

Kashegari da yamma, bayan an zaga da su gona an ci miyar kabeji da gasasshen kifin sardin tare da masu yanka, Ti Belmiro ya sami Dona Perpétua a bakin lagar ya gaya mata abin da yake so ya yi. Ta zaro ido.

“Belmiro, kanka ɗaya kuwa? Dutsen nan santsi ne. In matar mutane ta faɗi, wa za a kama?”

“Ni, ranki ya daɗe.”

“Ga inabin ba ya jira. Yau nake so a gama da shi.”

“Za a gama. Tun kina goye nake kira a nan. Kin taɓa ganin wanda ya faɗi a layina? Hannu biyu ke riƙe da kowa.”

Ta dube shi ta ce, “In wani abu ya faru, kada ka ƙara tako mini gona.” Ya ce ya ji. Ya san ba wasa take yi ba, don Dona Perpétua ba ta mai da magana.

Sauran rigimar ta Custódio ce. Da ya ji abin da ake shiryawa sai ya miƙe ya tare gaban matarsa.

“Ba za ta shiga ba! Likita ya ce…”

“Likita cewa ya yi in riƙa tafiya,” in ji Dona Leontina. “Kai ne ka ce in zauna.”

“Tina, ki rufa mini asiri.”

“Cire mini takalmi, tsoho. Wannan kam na yarda ka yi mini.”

Ya durƙusa ya cire. Aka wanke mata ƙafa, ta tattare siket, aka ɗaga ta aka saukar cikin inabi. Ti Belmiro ya sa ta tsakanin matarsa Zulmira da wata ƙaƙƙarfar mace daga masu yanka. Custódio ya naɗe wando ya faɗo ciki zai manne mata, sai Ti Belmiro ya kama shi ya kai shi can ƙarshen layi, ya cusa shi tsakanin ƙarti biyu ya ce su riƙe baƙo da kyau. Daga nan ko ya so ɓallewa ba hali.

Sannan ya fara kira. Waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa jin ya yi irinsa ba. Idonsa na kan gwiwar Dona Leontina. In ya ce hagu sai ya ja kalmar, ya riƙe ta a baki, har ƙafar nan ta fito daga cikin inabi ta sauka, sannan ya ce dama. Layi guda na mutanen da suka saba takawa kamar soja ya koma bin takun mace ɗaya. Wani daga ƙartin ya gaji ya ce, “Ti Belmiro, makara muka ɗauko ne?”

“In sauri kake yi, ga injin matse inabi na Dona can a rumfa, je ka taya shi.”

Aka bushe da dariya, aka ci gaba. Zufa ta keto wa Dona Leontina, ta ciji leɓe, Zulmira ta ce ta ji nauyinta a wuya da farko, daga baya nauyin ya yi ta raguwa. An je bango an juyo, an sake zuwa an juyo. Wanda santsi ya kwasa a ranar Custódio ne. Garin leƙen matarsa ya saki taku, ƙafafunsa suka tafi, ƙartin nan suka ɗago shi yana reto, wandonsa jage-jage. Dona Leontina ta yi dariya har da hawaye ta ce, “Ku riƙe mini shi da kyau, shi kaɗai gare ni!”

Da aka gama takun layi aka saki hannuwa, makaɗi ya ja akodiyan, abin kiɗan da ake ja ana matsewa, lokacin da kowa ke rawarsa ya yi. Custódio ya tsaya sororo a tsakiyar kwami yana kallon matarsa tsaye ba sanda. Ta miƙa masa hannu.

“Me kake jira, tsoho? Ko in yi rawar in turo maka a waya?”

Ya zo ya riƙe ta, ba riƙon majinyaci ba. Suka juya a hankali cikin inabi, yana kuka ba ya ko ɓoyewa. Ti Belmiro ya fita ya zauna a bakin dutse. Inabin ya tattaku, an dai makara. Dona Perpétua ba ta ce masa sannu ba, ta dai aika masa da kofi.

Da safe yana kai su tashar jirgin ƙasa ta Pinhão, ƙafafun Dona Leontina sun rine ja-ja-wur har ƙwauri, ta ƙi yarda a cuɗa su da sabulu, wai sai matan Beja sun gani. A hanya ta karɓi wayar mijin ta kira 'yarta.

“Gadon nan da na ce ki nema, bar shi. A ba wata.”

“Wane gado?” in ji Custódio.

“Ba ruwanka. Riƙe mini sanda.”

Ti Belmiro ya kafa wa hanya ido kamar bai taɓa bin ta ba. Bai gaya wa kowa abin da ya ji a Foz ba. Daga bakin Dona Leontina muka ji, bana.

Kai ne, Belmiro ɗan Taveira, jagaban layi mai jiran na baya. Kai ne ka sa aikinka a kan gwiwar baƙuwar da ka sani jiya-jiya, ba dangin iya ba na baba. Na taɓa tambayarka sirrin kira, ka ce babu wani sirri, kai dai ba mai ƙarfi kake kallo ba, ƙafar da ta gaji kake nema. Muna alfahari da kai, kuma ba ma jin kunyar faɗa a gabanka.

Kakar bana duka daga waje ya yi kira, zaune a kan 'yar kujerar katakonsa, don gwiwoyin ba sa ɗaukarsa cikin inabi. A yammacin ƙarshe sai ga dattawan Beja sun iso, Zulmira ce ta aika musu. Ƙafar Dona Leontina ba ta warke ba, tana nan tana ja. Custódio yana biye da ita a baya, ya yi ƙiba, hannuwansa a aljihu. Ta zo ta tsaya a kan Ti Belmiro.

“Me kake yi a nan kamar mai jiran bas?”

“Gwiwoyi, Dona Leontina. In na shiga zan ja layi baya.”

“Ji mini mutum! Zulmira, cire masa takalmi.”

Aka ɗaga shi aka saukar. Dona Perpétua da kanta ta tuɓe takalmi ta shiga ta ba shi kafaɗa, abin da ba mu taɓa gani ba. Dona Leontina ta kama ɗaya gefen, ta dubi gwiwarsa, ta ɗaga murya ta yi kira. Ta ja kalmar, ta riƙe ta, har ƙafar tsohon ta fito ta sauka. Babu wanda ya yi zancen makara.

Mun gode, Ti Belmiro. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya bar mana kai. Ku kuma da za ku gaji motar da kiran, da duk mai riƙe da wani a gida ko a wurin aiki, kada ku zaunar da shi ku je ku ɗauko masa hoto. Ku sa shi a layi, ku dubi ƙafarsa, ku jira ta sauka kafin ku ce dama.