Zaren da Baba Ya Ƙulla a Wayoyin Fulogi

Motar Baba a-kori-kura ce, fara, ta girme ni da shekara biyu. Da ita ya yi ta kwaso dawa da gyaɗa daga Gammo da Sabon Birni zuwa kasuwar Gwarzo har muka girma. Da idanunsa suka daina gani sai aka ajiye ta a ƙofar gida, gindin darbejiya, ni nake tayar da ita jefi-jefi in na dawo daga makarantar da nake koyarwa a Kabo. Wata damina ta fara tari, tana karkarwa, daga baya ta ƙi tashi sam.

Yayanmu, wanda shi ke riƙe da gidan yanzu, ya ce ya gaji da ganin akuyoyi suna kwana a ƙarƙashinta. Ya yi magana da wani mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai zo ranar Asabar bayan la'asar ya ja ta. Baba bai hana ba. Amma ni na san kullum in ya dawo daga masallaci da safe sai ya lalubo bonet ɗin ya shafa kafin ya shiga gida.

Na ce, "Yaya, in ta tashi kafin mutumin nan ya zo fa?"

Ya ce, "In ta tashi an fasa. Amma Malam, ka san alli daban, sifana daban."

Maganar ta ƙona mini rai, ni kuwa da ma ba a taɓa ni. Ranar Asabar da hantsi na sayo fulogi huɗu sababbi, na aro sifanar kwance su, na ɗaga bonet.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna a injin nan. Kowace wayar fulogi da baƙin zare a jikinta, an ƙulla shi ƙulli-ƙulli, ya sha mai da ƙura har ya yi tauri. Tun ina yaro nake ganinsa. Da na ɗan yi karatu na fara zaman wa'azi, sai na yanke wa kaina hukunci cewa asiri ne, irin na tsofaffin direbobi don tsare hanya. Ban taɓa tambayar Baba ba. Wa zai dubi mahaifinsa ya tambaye shi wannan? Ran nan na ga dama ta samu. Na yi a'uziyya, na sa reza na yanke su duka, na jefa a kwata, har ina jin na yi aikin lada.

Sannan na finciko wayoyin huɗu gaba ɗaya, har daga kan dilko, wato abin da ke raba musu wuta, na goge su tas. Na kwance tsofaffin fulogan, bakinsu baƙi ƙirin. Na ɗaura sababbi, da hannu tukuna, sannan da sifana. Da na zo mayar da wayoyi sai na tsaya. Wacce ce ta ina? Na ce ai waya waya ce, na cusa kowace inda tsawonta ya kai.

Na murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi tari, sai ji na yi fau! daga salansa, wato bututun hayaƙi. Kaji suka watse, Inna ta saki salati daga cikin gida. Na sauya wayoyi na sake, ta sake harbawa. Har aka kira azahar ina abu ɗaya, gumi ya jiƙa ni, batir ya fara sanyi. Yaya ya zo wucewa ya ce, "Sannu da aiki, injiniya."

Sai ga Baba da sandarsa. "Kai, wa ke harbi a ƙofar gidana?"

"Ni ne, Baba. Fulogi na sauya."

Ya miƙa mini sandar, ya sunkuya, ya bi wayoyin da yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya sake bi. "Ina zarena?"

"Na cire."

"Ikon Allah. To da me za ka gane su? Mai ƙulli ɗaya ta fulogin farko ce, mai biyu ta na biyu, har huɗu. Ni ban yi boko ba, balle in rubuta lamba."

Na dubi kwatar da na jefa zaren.

Bai yi faɗa ba. Ya sa na kwance fulogin farko, ya toshe ramin da babban yatsansa, ya ce in juya injin da sifana a hankali. Ina juyawa iska ta ture yatsan, ya ce, "Tsaya nan." Ya buɗe dilko ya lalubi inda ɗan hannun ciki ya nuna. "Ta farko nan. Bi da su yadda yake juyawa: ɗaya, uku, huɗu, biyu." Na bi. Ya hana ni taɓa makulli, ya ce batir ba zai ɗauka ba, ni da Yaya mu tura. Shi ya shiga ya taka kulochi, ni ina turawa ta taga ina riƙe da sitiyari, Yaya yana turawa yana ƙunƙuni. Ba mu yi taku goma ba ta kama, lafiya lau, ko tari babu.

Mai ƙarafa ya zo bayan la'asar ya tarar da ita tana aiki. Ya gaisa da Baba, ya sha ruwa, ya hau babur ɗinsa.

Muna zaune a cikinta mu biyu Baba ya ce in karɓo zare wurin Inna. Ina ƙullawa yana taɓawa yana ƙirga. Sai ya ce, "Wai me ya sa ka yanke su? Ba su tare maka hanya ba."

Na ci gaba da ƙulli.

"Laya ka ɗauka?"

"E, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun ina sakandare."

Ya shafa ƙullin da na gama. Sannan ya ce, "Shekara ashirin ke nan kana bi na salla a gidan nan, da wannan a ranka."

Kunya ta hana ni ko ba shi haƙuri. Na ƙarasa ƙulli na huɗu, ya taɓa ya ce ya yi.

Baba ya rasu bayan damina biyu. Motar tana nan gindin darbejiya, na sauya mata fulogi sau uku tun daga lokacin, waya ɗaya nake cirewa in mayar kafin in taɓa ta gaba. Na iya lambobin a kaina yanzu, amma zaren yana nan.