Geron Yaya a Italiya

Ni na ce masa ya shuka. Gara in fara da wannan.

Lokacin ina Ingila, a unguwar Whalley Range, ɗaki ɗaya a wani tsohon gida da aka yayyanka flat-flat. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wajen matasan da nake aiki, na koma ɗaukar kwali a wani sito. Yau a kira ka, gobe shiru.

Yaya ɗan kawuna ne, taubashina. Ni a birni na tashi, shi a gona. Ya shiga Italiya ta ruwa, ya yi shekaru yana tsinkar tumatir, har wani tsoho a wani ɗan gari can kudu ya ɗauke shi. Tsohon yana da gona, ba mai noma ta. 'Ya'yansa duk sun tafi neman aiki. Babbar 'yarsa ta matsa a sayar, wai ya koma wajenta da zama. Shi kuma ya ce a ba shi shekara ɗaya. In gonar ta ba da wani abu ba zai sayar ba, kuma zai sa hannu a takardar aikin Yaya. Da takardar nan ake sabunta izinin zama. In babu ita, babu zama.

Yaya ya kira ni da dabararsa.

"Ɗan birni, nan kowa tumatir, kowa zaitun. Wa yake da gero? Wa yake da kuɓewa? Mutanenmu suna nan cike a birane, da hannu biyu za su saya. Nemo min iri."

Wata ƙawar Mama ce ta taho da shi daga Kano. Na hau bas har Birmingham, na same ta a Sparkhill, ta miƙo min a gwangwanin madara.

"Kai da ko fartanya ba ka taɓa riƙewa ba, me za ka yi da iri?"

Na ce saƙo ne, Anti. Na aika masa.

Irin ya isa ana shiga zafi. Tsohon ya dinga nuna masa ƙasa, wai yanzu, yanzu, ko da guga ne a ba shi ruwa. Yaya ya ƙi. Ƙasa ƙamas, sama ko ɗigon gajimare babu. Wa yake shuka da rani? Wata huɗu yana jiran ruwa.

Wata ranar Oktoba ina tsaye ina jiran bas, sai ga kiransa. Ya miƙa wayar waje don in ji.

"Ka ji? Damina ta sauka! Amma tsohon nan sai girgiza kai yake, wai a'a. Me ka gani?"

Ni ma ruwan ke dukana, cajina saura kaɗan. Na ce, "Haba Yaya, wa zai koya maka noma? Shuka kawai."

Waya tana hannuna fa. Minti ɗaya ya isa in duba lokacin shukar gero a can. Ban duba ba.

Ya shuka, ya tsiro. Hotuna suka dinga shigowa, layi-layi kore shar. Na tura gida, Kawu ya yi ta sa albarka. Daga nan hotunan suka tsaya. In na tambaya sai ya ce, "Sai ka zo."

A Disamba na samu tikiti mai araha. Jirgin sama, jirgin ƙasa, sannan wata bas da sau biyu kawai take zuwa a rana. Garin a kan tudu yake. Kyau dai akwai. Amma gida uku a rufe, ɗaya a buɗe, haka har ƙarshen layi. Makaranta an sa mata kwaɗo. A jikin bango an lilliƙa takardu da hotunan tsofaffi, na ɗauka 'yan takara ne. Sanarwar mutuwa ce.

Yaya yana jirana a dandali, riga kan riga, ya rame.

"Bature ya zo duba talakawansa."

"Sarkin noma, ina rumbun?"

Bai yi dariya ba. Ya karɓi jakata ya ce mu je.

Gonar tana gangare, bayan wasu bishiyoyin zaitun. Geron ko gwiwa bai kai ba. Ya kwanta, ya yi ja, kamar an bi shi da wuta. Kuɓewar ta yi baƙi ta narke. Gefenmu kuma gonar wani ce, alkama ta fito tsaf, ko a jikinta.

"Sanyi ne," in ji shi. "Safiya ɗaya. Na fito na ga fari-fari a kan ganye, kafin azahar shi ke nan. Ashe su nan daminarsu tare da sanyi take zuwa. Ruwan da na zauna jira, na alkama ne."

Na ce, "Yaya, ni na ce ka shuka."

Sai a lokacin ya yi dariya.

"Kai? Kai da kake tsammanin gyaɗa a bishiya ake tsinko ta? Ko ba ka ce ba sai na shuka. Ruwan farko ya sauka ina zaune a ɗaki? Ai ƙafata ma ba za ta yarda ba."

Na san yana rage min ne. Bai ragu ba.

Tsohon ya kira mu cin abinci. Ɗan guntu, hannunsa kamar saiwa. Da ya ga mun zauna sai ya ɗauke kwalbar giyarsa daga tebur ya ɓoye bayan tukunya. Taliya da wake ya dafa. Muna ci ya zaro ƙwayar gero ɗaya daga aljihu, ya murza, ya ɗaga min yatsu biyar yana magana.

"Wai watan biyar ake shuka irin wannan," in ji Yaya. "Wai tun farko abin da yake gaya min ke nan."

"To ka jira watan biyar ɗin mana."

Ya nuna min soro da baki. Kwalaye ne a jere, an ɗaɗɗaure. 'Yar za ta zo bayan sabuwar shekara, da mai saye. Tsohon ya ce shekara ɗaya, shekara ta cika. Izinin Yaya kuma watan biyu zai ƙare.

Na ce ya taho Ingila.

"Da wace takardar? Kai da kanka jiran kira kake."

"To ina za ka?"

"Tsinkar lemo. Can kudu da nan. Ba sa tambayar takarda, su ma ba sa bayarwa."

Tsohon bai ji Hausa ba, amma ya daina ci. Ya tashi ya ƙara wa Yaya taliya, alhali kwanonsa a cike yake.

Kwana biyu na yi. Da safe ya rako ni wajen bas, ya tura min gwangwanin nan cikin jaka. Saura kamar tafin hannu a ciki.

"Riƙe. Inda za ni a tanti ake kwana, ɓera ne zai cinye. Kuma kar ka gaya wa Baba."

An sayar da gonar. Izinin ya ƙare. Yaya ya sauya lamba sau uku, kowace sai ta yi wata ba ta shiga.

Kawu kuwa duk Juma'a sai ya kira ni. Ya aiki, ya sanyi, sannan ya zo kan maganar.

"Geron nan na yayanka, ya fitar da kai kuwa?"

Gwangwanin yana kan kanta a kicin ɗina, kusa da sukari. Sai in kalle shi in ce, Kawu, layin ba kyau, ba na jin ka sosai.