Ranar da Mai Fanka Ya Sauya Sheƙa

Idan ka tambayi Mai Fanka mece ce jam'iyya, ba zai kawo maka zancen manufa ko tsarin mulki ba. Zai nuna maka ɗakin da ke manne da shagonsa, bango ɗaya ne tsakani. Ɗaki ne mai benci shida, da tebur mai gurguwar ƙafa da aka tokare da rabin bulo, da tuta a bakin ƙofa wadda rana ta cinye launinta. Wannan shi ne ofishin jam'iyya na mazaɓarsu, kuma iyakar siyasarsa ke nan.

Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga. Mutum ne gajere, mai sanyin magana, yatsunsa kullum da baƙin mai, aljihun gaban rigarsa kuma ba ya rabuwa da sukundireba. Yadda ya shiga siyasa ma abin dariya ne. Shekara ashirin da uku da suka wuce, ranar da aka buɗe ofishin, aka kira shi ya ɗaura musu fankar sama. Ya gama, ya sauko daga kan tebur, ya tarar ana hira mai daɗi, sai ya ɗan zauna a ƙarshen benci ya ji yadda za ta ƙare. To, hirar ba ta ƙare ba. Kafin sati ya zagayo an yanka masa kati mai lamba goma sha ɗaya, kafin wata kuma an damƙa masa makulli, tunda duk layin ba wanda ya riga shi fitowa da safe.

Bai taɓa riƙe muƙami ba, bai kuma taɓa nema ba. Shi ke buɗe ofis, ya share, ya jera benci, ya kafa tuta, sannan ya buɗe nasa shagon. Da yamma idan mutane suka taru, wurinsa sananne ne: ƙarshen benci na biyu, jikin taga, gefen amininsa Tela. Tela ne mai baki, shi kuwa mai gyaɗa kai. 'Ya'yansa duk sun girma sun watse garuruwa, gida ya zama daga shi sai maiɗakinsa, don haka wannan zaman na yamma shi ne abin da yake sa ransa a kai tun daga wayewar gari. A nan ne idan ya yi tari wani zai ce sannu, idan bai zo ba a aiko a ji ko lafiya.

Ana nan sai zaɓen fidda gwani ya zo. Mazaɓar tasu kaf Injiniya take yi, mutumin da ya taɓa gyara musu kwalbatin da ke cinye musu hanya duk damina. Abokin karawarsa Lauya ne, wanda ba wanda ya taɓa ganin ƙafarsa a layin. Tela yana cikin wakilan da suka je jefa ƙuri'a, ya tafi da sabuwar riga yana taƙama, ya dawo muryarsa a dishe.

“An yi mana fashi da rana tsaka,” in ji Tela. “Ƙuri'a bakwai! Bakwai kacal suka ce ya fi mu.”

Daga ranar Injiniya ya kashe wayarsa, ya rufe ƙofar gidansa, sai jita-jita ta karɓi ragamar mazaɓa. Yau a ce ya tafi kotu. Gobe a ce an gan shi a motar 'yan ɗaya jam'iyyar, ta hayin kasuwa. Jibi a ce ai ba shi ba ne, wansa ne, kama suke yi. Kowa ya shigo ofis da nasa labarin, kowa kuma ya rantse daga majiya mai tushe ya samo. Mai Fanka yana gyaɗa wa wannan kai, ya juya ya gyaɗa wa wanda ya ƙaryata shi, har wuyansa ya gaji. Kansa ya ɗaure tamau. A satin ne ya haɗa wa wata mata fankarta da fukafukai a juye, ta dawo da ita tana cewa bango take yi wa fifita.

Rannan ya kasa haƙuri, ya ja Tela gefe.

“Wai ni kam, mutumina, mu Injiniya muke bi ko jam'iyya?”

“Duk ɗaya ne.”

“To in ya fita fa?”

“Sai mu fita.”

“In kuma bai fita ba?”

“Kai dai ka cika tambaya. Ya gama fita, sanarwa ce kawai ta rage. Direbansa ne ya gaya wa ƙanin matata, baki da baki.”

A rana ta tara Ciyaman na mazaɓa ya tara su. Matashi ne a kan Mai Fanka, mai son a ce ya hango abu tun kafin ya faru. Ya ce zama bai kama su ba. Idan suka jira sai Injiniya ya yi sanarwa, 'yan wasu mazaɓun za su riga su, su kuma su zama 'yan rakiya. Gara su sauya sheƙa tun yanzu, su share wa maigida hanya, in ya iso ya tarar da su a sahun gaba. An riga an yi magana da 'yan hayin kasuwa, ranar Asabar za su karɓe su. Ɗaki ya ɗauki tafi. Mai Fanka ma ya tafa.

Da ya koma gida ya kasa cin abinci. Maiɗakinsa ta zuba masa ido har ya amayar da zancen.

“Malam, shi Injiniyan, ka ji daga bakinsa?”

“Ban ji ba.”

“Akwai wanda ya ji?”

“Direbansa, wai.”

“Wai,” ta maimaita, tana kwashe kwanuka. “Kai da hularka ma sai na ɓoye ta kafin ka yarda a wanke, yau kai ne za ka canza jam'iyya a kan wai?”

“Duk tafiya za su yi,” ya ce a hankali. “Tela ma zai tafi. In na tsaya, da wa zan zauna? Benci shida, ni kaɗai?”

Ta san nan ne gaskiyar take. Shi ba Injiniya ne ya dame shi ba, ba kuma Lauya ba. Tsoron kaɗaici ne kawai ya kama dattijo.

Asabar da hantsi suka ɗunguma zuwa hayin kasuwa. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, lasifika na ta ɓaɓatu, a gaba kuma an ajiye wani babban kwali inda masu shigowa za su jefa katinsu na tsohuwar jam'iyya. Abu na farko da ya ba Mai Fanka mamaki, Ciyaman bai zo ba. An ce jininsa ne ya hau da asuba. Na biyu, Tela mai son gaba-gaba yau can baya ya maƙale, ya ja hula har gira. Na uku, da aka fara layi, sai ya ga kowa ya zaro 'yar ambulan a liƙe ya jefa a kwali. Ya yi tsammanin ladabi ne na irin wannan taro, har ya ji kunyar shi bai zo da ambulan ba. Katinsa, wanda aka sabunta masa da tsohuwar lambarsa, tsirara yake a hannunsa, cikin ledar da ya sa aka manne masa don kada ya jiƙe.

Mai gabatar da taro, wani dogo mai idon ciniki, yana ganin katin ya cafke hannunsa.

“Tsaya, Baba, tsaya! Jama'a, ku duba nan! Lamba goma sha ɗaya! Wannan ba reshe ba ne, saiwar muka tumɓuko!”

Kafin ya ankara an hau da shi kan dandamali. Aka ɗaga katin sama, masu waya suka yi ta ɗauka. Aka cire masa hularsa aka kifa masa sabuwa mai launin jam'iyyar, wadda ta yi masa yawa har ta sauko kan kunnuwa. Aka cusa masa makirufo a baki, wai ya faɗa wa duniya dalilinsa. Ya duba cikin taro yana neman fuskar Tela, bai gan ta ba.

“Ni dai,” ya ce, “'yan'uwana ne suka zo, shi ya sa na zo.”

Aka yi ta tafi kamar ya faɗi wata babbar hikima. Shi kuwa yana kallo aka jefa katinsa cikin kwali. Ya lallashi kansa da cewa ba komai, ai tare suke.

Litinin da azahar yana tsaka da naɗa wa wata fanka waya, mai ita yana zaune yana latsa wayarsa, sai ya ji mutumin ya ce, “Ikon Allah! Sun shirya.” Ya miƙo masa. Ga Injiniya nan, ga Lauya, hannu cikin hannu, suna dariya har kunne. Injiniya yana cewa shi ɗan jam'iyya ne na haƙiƙa, bai taɓa ko mafarkin fita ba, masu yaɗa wannan magana maƙiya ne. Mai Fanka ya sa aka maimaita masa sau uku. Bai fahimci ƙarin komai ba a na ukun.

Da yamma ya leƙa ofis. Cike yake maƙil, kowa da tsohuwar hularsa. Ciyaman ya warke sarai, yana tsaye yana bayanin yadda tun farko ya san Injiniya ba zai ci amanar jam'iyya ba. Da suka ga Mai Fanka a bakin ƙofa sai hirar ta ɗan yi sanyi. Ya yafito Tela, suka fita waje.

“Yanzu ya za mu yi? Mun jefar da katinmu.”

Tela ya waiga hagu da dama, ya zaro kati daga aljihu, sabo fil, ya mayar.

“Ba ka jefa ba?”

“Tsoho na jefa, wanda aka daina aiki da shi tun kafin sabuwar rajista. Wanzamin layinmu ma katin asibiti ya sa a tasa ambulan. Haba, mutumina! Wa ke jefa na gaske alhali maigida bai buɗe baki ba? Ana zuwa ne a nuna fushi, a ɗaga masa daraja a wurin sulhu.”

“Ni ban sani ba.”

“Shekara ashirin da uku kana zaune a ɗakin nan!”

“Ba wanda ya gaya mini.”

“Ai ba abin da ake faɗa ba ne,” in ji Tela, ya kawar da kai. “Na ɗauka ka sani, wallahi.”

Wataƙila da gaske ya ɗauka. Abin haushin shi ne, duk zaman da Mai Fanka ya yi a ɗakin, kunnensa ya ji kowace magana, amma abin da ake yi ba a faɗa bai taɓa shiga kansa ba. Shi a sana'arsa, waya in ta ja ce ja ce, in baƙa ce baƙa ce.

Hotonsa kuwa ya riga ya zaga gari, da hula har kunne, da rubutu a ƙasa cewa dattijon jam'iyya ya fice da ɗaruruwan magoya baya. 'Yarsa ta fari ta bugo waya daga inda take aure tana tambaya, “Baba, yaushe ka tara ɗaruruwan mutane ba mu sani ba?” 'Yan hayin kasuwa suka aiko a tambaye shi ranar da zai kawo sauran jama'arsa. Daga babban ofishin jam'iyya kuma aka rubuto wa Ciyaman cewa lallai a ladabtar da duk wanda ya fita, a aiko da sunaye. Ambulan ba ta da fuska, hoto kuwa yana da ita, saboda haka sunan mutum ɗaya ne ya samu shiga takardar.

Aka sa taron ranar Laraba da la'asar. Ciyaman ya aiko a ce wa Baba don Allah ya buɗe ofis da wuri. Mai Fanka ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe dai ba a yar da shi ba. Ya share ɗakin har ƙarƙashin tebur, ya yayyafa ruwa, ya hau ya goge fukafukan fanka, ya jera benci shida daidai wa daida. Mutane suka shigo ɗaya bayan ɗaya, suna gaishe shi sama-sama. Ya je ya zauna a wurinsa, gefen Tela.

Ciyaman ya buɗe takarda, ya rufe, ya yi gyaran murya. Idonsa na kan tebur.

“Baba, ka yi haƙuri. Ka san doka. Wanda ba ɗan jam'iyya ba ba ya zama a taron jam'iyya. Ka ɗan ba mu wuri, mu tattauna maganarka. Makullin ma ka ajiye a nan tukuna.”

Mai Fanka ya dubi Ciyaman, ya dubi mutanen da suka tafi hayin kasuwa tare da shi a mota ɗaya. Kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Tela yana ta cire wani zare daga hannun rigarsa. Ya so ya tambaya ko shi ɗan wace jam'iyya ce yanzu, don da gaske bai sani ba, amma ya ga ba wanda zai amsa. Ya tashi, ya kwance makullin daga igiyar da yake ɗaure shi, ya ajiye, ya fita.

Ya shiga shagonsa ya zauna a kan kujerar aiki, ya jingina kunne da bango. Yana jin komai. Ya ji an karanta wasiƙar, ya ji wani ya ce dattijo ne a yi masa sassauci, wani ya ce in ba a aika da suna ba su za a tuhuma. Ya kasa kunne ko zai ji muryar Tela, mutumin da ba a taɓa yin taro bai yi magana ba, amma har aka gama muhawara bai ji ta ba. Can sai Ciyaman ya ce, “To, waɗanda suka amince a kore shi, su ɗaga hannu.”

Ɗakin ya yi tsit. Mai Fanka ya ƙara manna kunnensa har simintin ya yi masa zafi, ya riƙe numfashi. Sai a lokacin ya tuna ɗaga hannu ba ya yin ƙara.

“An gode,” in ji Ciyaman. “Ku sauke.”

Har yau Tela yana tsayawa a ƙofar shagon kowace yamma su gaisa kafin ya wuce ciki, kuma har yau Mai Fanka bai tambaye shi ko ya ɗaga hannu ba.