Zanen Uwar Amarya da Almakashin Catford

Ko shayi ba mu sha ba. Muna sallame sallar asuba muka tashi daga unguwarmu ta Barking, ni da maigida. Asabar ɗin da ta wuce ke nan, ranar auren 'yar maƙwabciyata.

Maƙwabciyar nan mutuniyar Jawa ce ta ƙasar Indunusiya, Musulma, nas a wani asibiti. Ita ta zauna da ni lokacin da na haihu a garin nan ba uwa ba dangi. Da gidanta ya cika da baƙin biki, sai ta kawo mini zanenta ajiya: baƙi-baƙi, da 'yan furanni ƙanana kamar taurari. Sai ranar Juma'a da dare take gaya mini kakarta ce ta zana shi da hannu, ɗigo-ɗigo da narkakken kakin zuma, kafin a rina. Sunansa truntum. Iyayen ango da na amarya ke ɗaura shi ranar aure, addu'a ce ƙauna ta riƙa tohowa. Kuma almakashi ba ya taɓa shi, yadda yake ake ɗaurawa.

Na koma na buɗe akwati, babu zane. Ashe maigida, da alawus ɗin karatu ya shigo, tun da yanzu man fetur ya sa kowa ya zama Alhaji, ya haɗa shi da atamfofinmu ya kai wa wata tela a unguwar Catford. Wai uwar amarya ba ta fita da zane ba ɗinki, za a yi mata riga da ɗankwali, gudummawarmu ke nan. Telar ba ta da waya, kuma ta yi alkawarin yankawa ranar Juma'a.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin District a cike yake da masu shara da leburori, kowa na gyangyaɗi. Kuɗin tikiti ya sake hawa, amma ranar ko ƙorafi ban yi ba. A Whitechapel muka sauya jirgi, 'yan kasuwa na ta kafa rumfuna, ƙamshin samosa na kirana, ban ko waiwaya ba. Jirgin New Cross kuwa tsoho ne tukuf, yana bi ta ƙarƙashin kogi yana nishi, ni ina ta ƙirga yadda zan dubi idon matar nan da guntayen zanen kakarta a leda. Daga can muka hau jan bas mai bene. Kwandastan, mutumin Jamaika, ya dubi fuskokinmu ya tambaya ko jana'iza za mu. Maigida ya ce kusan haka.

Telar, wata Hajiya 'yar Jos, ta buɗe ƙofa tana hamma. Tana ganinmu ta fara ba da haƙuri.

“Wallahi Malam, kada ka yi fushi. Ɗinkin suna ne ya sha mini kai, naku ko yankawa ban yi ba.”

Jama'a, a kan matakala na zauna. Ga zanen can a kan tebur, ta shata wuyan riga da alli, almakashi na kwance a gefensa. Na rungume Hajiya ina kuka ina sa mata albarka, ita kuwa tana kallon maigida ko na samu taɓuwa ne. Tunda nake, ban taɓa yi wa tela addu'a don ya saɓa alkawari ba sai ranar.

A bas ɗin komowa na kakkaɓe allin da gefen mayafina. Sai a lokacin yunwa ta tuna da ni. Muka sayi soyayyen dankali naɗe a jarida, da ruwan tsaminsu da a da nake ƙyama, na cinye nawa na sa hannu a na maigida.

Bayan Azahar aka ɗaura aure a Whitechapel. An tula shinkafa rawaya mai tsini kamar jinkar ɗaki, ga kwakwa, ga yaji mai sa hawaye. Uwar amarya ta fito da zanen, ta jera masa ninki a gaba, ba zare ba allura. Da na keɓe da ita na gaya mata komai, ta shafa zanen, ta yi dariya har da ƙwalla. Ta ce in Allah ya yarda, amaryar nan ma shi za ta ɗaura ranar aurar da nata ɗan.

Da magariba muka koma Barking, zuciyata wasai. Tafiyar ta koya mini cewa kafin ka gyara wa mutum kayansa, ka tambaye shi ko sun lalace. Atamfofinmu dai har yau suna Catford, Hajiya ta ce jibi. Na ce mata kada ta yi gaggawa.