Dokin Girka a Gwangwanin Madara

Akwai ranar da ko na bar aikin nan ba za ta fita raina ba. Wata Talata ce a watan Safar, alhazai sun watse, unguwar Aziziyya a Makka ta yi tsit. Lokacin ina shekara ta huɗu a ɗakin gwajin ƙarfe, matsayina mataimakin mai awo, wato ni ke riƙe na'ura, wani ke sa hannu a takarda. Yawancin aikinmu na 'yan zinare ne. Na'urar ita ce wadda muke kira bindiga: ka ɗora bakinta a jikin ƙarfe, ka danna, ta aika wani haske da ido ba ya gani, cikin minti guda ta lissafo maka abin da aka haɗa aka ƙera shi. Ba ta yanka, ba ta kankara, ko tabo ba ta bari.

Mudir ɗinmu, wato manaja, ya kira ni ofis ya yi mini bayani. Wani gida ne a unguwar Mansur, jikokin Hausawa, maigidan ya rasu ya bar tsoffin kaya, don da yana sayen irinsu a hannun alhazai. Ɗansa Abdul'aziz ya ɗauki hoton guda uku, tasa da buta da ɗan ƙaramin doki, duk sun yi kore shar, ya aika wa wata duktura Bagirkiya mai binciken tagullar mutanen da. Tana zaton na tsoffin Girkawa ne, har ta iso Jidda, amma ba Musulma ba ce, Makka ba ta shiguwa gare ta. Kayan kuma ba sa fita, don ba a raba gado ba. Saboda haka ni zan zama hannunta, ita tana kallo ta waya.

Mudir ya ce, "Sabi'u, in ka fitar da mu kunya, sabon sashen kayan tarihi naka ne. In ka kwafsa, ka koma bayan kanta kana auna 'yan kunne har ka yi furfura."

Na bi ƙa'ida. Kwana uku kafin ranar na kira Abdul'aziz na ce kada a wanke, kada a goge, ko da hannu kada a taɓa. Na yi masa bayanin cewa koren nan da ke jikin tsohuwar tagulla shi ne shaidarta, shekaru aru-aru ya yi yana taruwa, in ya tafi ba ya dawowa. Ya ce, "Halas ya Sabi'u, kwantar da hankalinka." Ni kuma sakarai na kwantar.

Ƙarfe goma na safe na yi sallama. Falo ya sha turaren wuta, ga gahawa ga dabino. A tsakiya kuma ga faranti, a kai tasa da buta suna ƙyalli, har fuskata na gani a jikin tasar. Na kama salati. Ban gama salati ba sai ga mahaifiyar Abdul'aziz ta shigo tana dogara sanda, tsohuwa mai tsaf-tsaf, Hausarta ta Kanon da, fuska cike da murmushi.

Ta ce, "Sannu ɗana. Ka ga aiki ko? Kwana biyu ina fama. Tsamiya da toka, na bi da lemun tsami. Azzuz ya ce baƙuwa daga Turai za ta leƙo gidanmu, wai kuma kada a taɓa. Na ce kai yaro ne. Baƙuwa ta ga kayan gidana kore kamar bakin kwata? Ina raye?"

Na dubi Abdul'aziz, wato Azzuz ɗin nata. Gogan naka, mai 'ya'ya huɗu, ya sunkuyar da kai yana ƙirga zanen darduma.

Nan take waya ta yi ƙara, Duktura ce. Ba yadda na iya, na juya mata kyamara. Ta dafe baki, sannan ta faɗi wasu kalmomi a harshensu waɗanda na gode Allah ban ji ba. Hajiya ta ce, "Me ta ce? Ta yaba?" Na ce, "Umma, ta rasa bakin magana."

Duk da haka aiki sai an yi shi. Na auna kowanne wuri uku, na rubuta. Ita tagullar Girkawan da jan ƙarfe ce da kuza, wani lokaci da ɗan darma. Waɗannan kuwa tutiya ce maƙil a cikinsu, irin haɗin da ya zo can baya. Da na karanta wa Duktura sai ta sauke ajiyar zuciya, ta ce ba na Girka ba ne. Abdul'aziz ya fassara wa mahaifiyarsa.

Hajiya ta ce, "Girka ina? Kayan aurena ne, daga Bida aka aiko da su ta hannun alhazai. Ai ba wanda ya tambaye ni."

Raina ya ɗan dawo, sai kuma na tuna saura ɗaya, kuma shi Duktura ta fi ƙwallafa rai a kai. Na ce, "Umma, dokin fa?"

Ta ɓata fuska. "Wannan gunkin? Tun rasuwar Alhaji na fitar da shi. Gidan da ake salla? Yana can kan soro cikin gwangwanin madara."

Abdul'aziz ya haura ya ɗauko. Na sa safar hannu na buɗe. Ɗan doki ne bai fi tafin hannu ba, siraran ƙafafu, korensa cif babu abin da ya taɓa shi. Na ɗora bindiga: jan ƙarfe, kuza, ɗan darma, babu tutiya. Ku kula, na'ura ba ta faɗin shekaru, iyakarta ta ce ba ta ga abin da zai ƙaryata tsufansa ba. Amma hakan ma ya ishi Duktura. Ta matso da fuska har hancinta ya cika allon waya, tana ta cewa in juya shi, in ƙara juya shi.

Ina cikin juyawa ban lura Hajiya ta fita ba. Sai ganinta na yi a kaina, kwanon tsamiya a hannu ɗaya, soso a ɗayan.

Ta ce, "Tunda shi baƙuwa ke so, miƙo in ɗan goge mata. Ba na ƙaunarsa, amma ba za a ce mu ƙazamai ba ne."

Kai jama'a! Sa'ar mahaifiyata ce, a falonta nake, gahawarta na sha. Ba ni da ikon ture hannunta. Abdul'aziz ya fara zuba mata Larabci kan kimiyya da tarihi, ta ce, "Rufe min baki, Azzuz." Duktura na ihu a waya. Soso na ɗiga, saura ƙiris ya sauka. Tsoro ya kama ni sosai, ba wai na komawa bayan kanta kaɗai ba, har da tausayin ɗan dokin nan da ya tsira shekaru barkatai.

Allah ne ya sa mini magana a baki. Na ce, "Umma, yanzu dauɗa ta rufe shi, ba a gane ido ba a gane baki. In kika goge, kamanninsa za su fito sarai, ya zama cikakken gunki a falonki, kuma da hannunki."

Ta tsaya cak. Ta dubi dokin, ta dubi soso, ta ja da baya. "A'uzubillahi! Bar shi da dauɗarsa. A mayar min da shi soro kafin azahar."

Haka aka yi, sai dai na shimfiɗa masa auduga a gwangwanin. Bayan an raba gado magada suka yi masa rajista a hukuma. Ni kuma wata biyu bayan nan aka ba ni sashen.

To ku ji, ku masu tasowa. A sana'ar nan ba ɓarawo ne ya fi ɓata kaya ba, mai tsabta ne mai kyakkyawar niyya, kuma ba a yi masa faɗa don bai yi laifi ba. Dokar kada a taɓa ba ta da amfani in ka faɗa wa wanda ba shi ke riƙe da soso a gidan ba. In kuma ka samu mai soson, ka yi masa magana da abin da shi yake tsoro, ka ajiye naka. Da kimiyya na karanta wa Hajiya ranar nan, da yanzu dokin yana ƙyalli, ni kuma ina kanta ina auna 'yan kunne.